Inda Kibiyar Kawu Ta Faɗa

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma, ranar Talata da hantsi Kawu ya riga mu tafiya. Ina ɗakin gwaji a wurin aikina a Paris, hannuna cikin safar roba, wayata ta yi ƙara sau uku ta katse. Duk wanda ya zauna cikin Hausawan Lyon ya san ma'anar wannan, domin Kawu ne ya koya mana: an yi rasuwa, ka ajiye abin da kake yi ka kira. Shekara da shekaru lambarsa ce ke fitowa a fuskar waya. Ran nan da na ga lambar mataimakinsa ce, wanda muke kira Injiniya, ban ma kira ba. Na tuɓe safar, na biya gida La Courneuve na ɗauki jaka, na nufi tashar jirgin ƙasa.

Kafin la'asar ina Saint-Fons, a gefen Lyon. Tun daga hawa na biyu takalma suka fara, jere a jikin bango har ƙofar gidansa a hawa na huɗu. A kan matakala na tarar da wani tsoho ɗan Aljeriya, abokin aikinsa a luzin, masana'antar sinadaran da ta cinye ƙuruciyarsu su biyu, ya haɗa kai da gwiwa yana kuka ba ya ko ɓoyewa. A bakin ƙofa wata tsohuwar Baturiya na tsaye da furanni a hannu. Ita ce ta yi shekaru a tagar lameri, ofishin magajin gari, kafin ta yi ritaya. Ba wanda ya san inda ake ajiye furanni a gidan makoki, daga ƙarshe wata ta karɓa ta tsoma su cikin bokiti a kicin. Wata mai jinya Kirista daga kudancin Kaduna kuwa tun safe take wanke kofuna, an yi an yi ta zauna ta ƙi.

Duk wanda ya riƙe hannuna maganarsa ɗaya ce. Wata bazawara 'yar Maraɗi ta rungume ni tana cewa, "Shi ya ɗauki mijina har bakin jirgi, da kahaɗarshi. Yau mu ma za mu kai shi gida, ko da ƙahwa ne." Ɗalibai sun riga sun raba aiki, wannan zai tafi neman takardar likita, wancan zai tafi ofishin jakadanci. Mutumin da ya kafa ƙungiyarmu, wadda ba ta da aikin da ya wuce mayar da gawar Bahaushe ƙasar haihuwarsa, wa zai tsaya tambayar inda za a kai tasa? An ce jirgin Juma'a za a nema.

Ni kuwa ina amsa gaisuwa, hannuna ɗaya yana kan jakata. A ciki akwai wata tsohuwar takarda ninki huɗu. Ni kaɗai a gidan nan na san Kawu ba ya so a kai shi Damagaram, a nan yake so a binne shi, kuma in ban buɗe baki ba kafin a kama wurin jirgi, shi ke nan. Kowa ya san ni da saurin baki, tun ina ƙarama ake yi mini faɗa a kansa. Ranar da aka fi bukatarsa sai ya yi mini nauyi.

Kawu wan mahaifiyata ne. A gidansa na sauka da na zo karatu, kuma a daren farko, a'a, tun a motar da ta ɗauko mu daga filin jirgi, na fara jin labarin Maharbin Daji. Haka yake kiransa, don ya ce sunansa na Turanci ba ya zama a bakin mai salla. Wani ɗan fashi ne na tatsuniyar Ingilishi, mai kwari da baka, wanda ya shige daji da mutanensa yana ƙwace na masu hali yana ba marasa shi. Kawu ya fara ganinsa a talabijin ɗin gidan kwanan ma'aikata lokacin da bai ji Faransanci sosai ba, don haka duk inda bai gane ba sai ya cike da nasa. A bakinsa dajin Ingila cike yake da kuka da kanya, Maharbin kuma yana sauka gindin gawo ya sha hura. In muka yi dariya sai ya ce, "Ku kun je ne?"

Wata rana bayan sallar Juma'a wani malami ya tare shi a gaban mutane, ya ce bai dace dattijo kamarsa ya riƙa kafa misali da ɓarawo ba, ɓarawon ma na Nasara. Kawu ya saurara har ya gama, sannan ya ce, "Allah gahwarta Malam, hannunshi na bar mishi, ya je da abinshi gaban Allah. Kanshi na ɗauka." Malamin bai ji daɗi ba, amma bayan shekara biyu shi ma na ji shi yana tambaya ko Maharbin ya taɓa yin aure.

Abin da ya ɗauka daga kan nan yana da yawa, kuma mu muka sha wahalarsa. Ya ce Maharbin ba ya cin abincin rana sai an kawo masa baƙo, ko da kuwa kamo shi za a yi a hanya. Saboda haka ranar Lahadi tuwo zai sauka, miya na tururi, mu kuma muna zaune muna haɗiyar yawu, Kawu ya sa hula ya sauka tashar bas. Can sai ga shi da wani ɗalibi mai jaka a baya, wanda laifinsa kawai an ji yana waya da Hausa. Hajiya, matarsa, takan tsaya a ƙofar kicin da ludayi a hannu ta ce, "Yau kuma wa ka sato?" Ran da bai samu Bahaushe ba ya kawo mana wani ɗan Mali da ba ya jin ko sannu. Rabin mutanen da suka cika gidan ranar rasuwarsa ta wannan tashar bas suka shigo rayuwarsa.

Ƙarar waya sau uku ma daga can ta fito. Maharbin yana da ƙaho, in ya busa sau uku mutanensa su fito daga kowane lungu. Kawu yakan ce abin lura ba busawar ba ce, a'a, bai taɓa busa shi don a miƙo masa ruwa ba, shi ya sa ba a taɓa jin ƙahon an yi kasala ba. A shekarun da na yi ina rubuta wa ƙungiya wasiƙu ban ga ya tara mutane kan maganar da za a iya kashewa tsakanin mutum biyu ba. An sha neman ya kira taro kan rigimar miji da mata, ko kan wanda ya ƙi gaishe da wani ranar Idi. Sai ya ce, "Wannan ba na ƙaho ba ne," ya sa takalmi ya tafi shi kaɗai.

Karatun bokonsa bai yi nisa ba, amma ban ga wanda ya san takardun ƙasar nan kamarsa ba. Da launi yake gane su, da wurin hatimi. Ya ce Maharbin bai fi dakarun sarki ƙarfi ba, dajin ya fi su sani, mu kuma dajinmu takarda ne. Wata rana na raka shi lameri kan gawar wani direba, Baturiyar taga ta ce sai mun dawo gobe don akwai sa hannun da babu. Na ɗaga murya da Faransancina na jami'a, na fara jero mata doka. Kawu ya taka mini ƙafa, ya yi wa matar godiya, ya tambayi lafiyar mahaifiyarta da ya ji an kwantar. A waje ya ce da ni, "Ɗiyata, Maharbi ba ya taɓa manomi. Wannan matar noma takai, ba ita ta yi doka ba. In kin harbe ta, gobe wa zai nuna miki hanya?" Washegari da muka dawo takardarmu ce a saman tari. Matar nan ita ce mai furanni.

Akwai abu ɗaya da na riƙe shi da shi shekaru, kuma tun da ta'aziyya ba wurin ƙarya ba ne zan faɗa. A da ƙungiyar ta 'yan Nijar ce zalla. Sai wani ɗalibi ɗan Najeriya ya rasu a Lyon, Kawu ya ce a wurin taro a yi masa addu'a, amma dokar ƙungiya ba ta kai kansa ba. Wani Bakano da bai fi wata uku da zuwa ba ya miƙe daga kujerar baya, ba sallama mai tsawo, ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri. Tun da na zo mitin ɗin nan da Hausa ake magana, ban ji an tambaye ni fasfo ba kafin a ba ni shayi. Sai gawa ce za a tambaya fasfo?" Ni jinina ya hau, ina jira a ba ni dama in wanke shi tas.

Sai Kawu ya fashe da dariya har hularsa ta goce, ya ce, "Wala! An jehwa ni ruwa." Ya ba su labarin ranar da Maharbin ya haɗu da wani ƙato a kan gadar itace guda, kowa ya ƙi ba wani hanya, suka gwabza da sanda, ƙaton ya wurga shi cikin rafi. Da ya fito a jiƙe bai busa ƙaho don a rama masa ba, ya ce mutumin da ya iya kayar da ni shi nake so a hannun damana. A ranar aka canza doka, a ranar kuma Bakanon ya zama mataimaki. Shi ne Injiniya. Ni ban yafe ba. Shekara bakwai in na kawo shayi nasa ne na ƙarshe, kuma ina sane nake rage masa sukari. Ya sani, yakan shanye ya ce, "Sakatariya, Allah ya ƙara arziki."

Wani abin da na kasa ganewa a gidan shi ne yadda Kawu da Hajiya suke da babban ɗansu, taubashina. A wurinmu uwa da uba ba sa kama sunan ɗan fari, ba sa wasa da shi a gaban mutane, in an yabe shi ma su kau da kai. Mahaifiyata har ta rasu ba ta taɓa kiran sunan yayana ba, "wannan" take cewa, ko "kai yaro". Amma a Saint-Fons sai na ji Kawu yana ƙwala wa taubashina kira da sunansa na yanka, gatsau, yana dafa kafaɗarsa a kan titi. Baƙin da suka zo daga gida suna gulmar abin, wai zaman Turai ya cinye musu kunya. Ni ma haka na ɗauka, har nakan tsokani taubashin nawa in ce shi ɗan fari ne na jabu. Yakan ce, "Kishi kike yi, ma cousine." Mu biyun ba mu san abin da muke faɗa ba.

Kowace Juma'a bayan masallaci Kawu yakan ɓace awa biyu. In an tambaya sai ya ce ya tafi duba daji. Mun ɗauka yawon miƙe ƙafa ne, irin na tsofaffin da suka yi ritaya. Hajiya ba ta taɓa tambayarsa ba, ita da take tambayarsa ko ina ya kai ragowar goro.

Kwana goma kafin rasuwarsa na zo daga Paris na same shi a asibiti. Huhunsa ne, abin da ya shaƙa a luzin ya dawo neman sa. La'asar ce sakaliya, rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan bargonsa, Hajiya ta tafi gida ɗauko kunu. Ya ce in matso da kujera.

"Na taɓa gaya miki yadda Maharbi ya ƙare?"

Na ce a'a, kuma gaskiya ne. Shekara ashirin ina jin labarin nan, bai taɓa kai shi ƙarshe ba.

Ya ce da ciwo ya ci ƙarfin Maharbin, yana kwance a wani ɗaki, sai ya ce a buɗe taga a miƙo masa bakansa. Da ɗan ƙarfin da ya rage ya ja ya saki kibiya ɗaya, ya ce wa ƙaton nan na gada, inda ta faɗa nan za ku haƙa mini. Kawu ya tsaya ya huta, numfashinsa na fita da ƙara. Sannan ya zaro takarda daga ƙarƙashin matashi ya miƙo mini.

"Tawa ta daɗe da hwaɗuwa."

Takardar lameri ce, ta wurin kabari a ɓangaren Musulmi na wata maƙabarta a bayan gari. Na karanta sunan wadda ke ciki, sai na ga sunan kakata, mahaifiyarsu shi da mahaifiyata, wadda na san kabarinta na Damagaram. Na ce an yi kuskure. Ya ce in ci gaba da karatu, ai ni na yi lakwal, wato makarantar boko. Na duba ranar haihuwa da ranar rasuwa, tsakaninsu wata biyar, shekara biyu kafin a haifi taubashina.

"Kawu, wace ce wannan?"

Ya juya fuska bango. Dattijo mai shekara saba'in da ɗoriya, wanda ya tsaya gaban jakadu bai sunkuya ba, ya kasa haɗa ido da ni. Da fuskarsa a bango ya yi maganar, kuma ko sau ɗaya bai ce ɗiyata ba, bai ce sunan ba. Ya ce a lokacin babu ƙungiya, babu wanda ya san hanyar kai gawa gida, shi da ɗan Aljeriyan nan da wani abokinsu suka yi komai, cikin akwatin da mutum ɗaya ke ɗauka a hannu. Ya ce kabari a ƙasar nan aro ne na wasu shekaru, in wa'adi ya cika ba a ga mai sabunta takarda ba sai a tone a ba wani wurin. Shi ya riƙa sabuntawa. In an kai shi Damagaram, wa ya san da ita balle ya je?

"Amma in ina nan, za ku zo gaishe ni. Na san ku, har bas za ku cika. In kun zo wurina kun zo wurinta."

Nan bakina ya dawo. Na ce don me ba zai gaya wa ɗansa ba, ko ya tara dattawa, ko ya bar wasiyya a rubuce? Na ce shi da ya tsara tafiyar gawa ta fi a ƙirga ya bar tasa a hannun mace ɗaya mai faɗa da kowa. Har na ce masa wannan kunyar ba addini ba ce. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Da wane baki? Ta hwari ce, kuma sunan Inna gare ta. Ke ɗiyar ƙanwa ce, babu kunya tsakaninmu." Hajiya ta turo ƙofa da kunu, na cusa takardar a jaka. Na koma Paris ina gaya wa kaina zai tashi, in ya tashi zan tilasta shi ya faɗa da bakinsa. Wannan ce maganarmu ta ƙarshe, kuma faɗa na yi masa a cikinta. Har yau abin yana ci na.

Ranar Laraba da safe maza suka zauna a falo, aka ɗora waya a kan tebur aka buɗe murya. Babban Kawu ne daga Damagaram, wan marigayin, wanda ya haura tamanin. Bayan doguwar gaisuwa ya ce an riga an duba wuri kusa da Inna, a gaya masa ranar saukar jirgi kawai. Taubashina ya ce Juma'a in sha Allah. Ina tsaye a ƙofar falon da faranti a hannu, na ji bakina ya ce, "Ba za a kai shi ba. Ya ce a nan yake so."

Ban taɓa ganin idanu da yawa haka a kaina ba. Wani dattijo ya ce maganar mai ciwo ba a kama ta. Wani ya tambaya ko akwai shaida, ko ni kaɗai ce. Taubashina ya miƙe, fuskarsa ta canza, ya ce, "C'est pas possible, ba zai yiwu ba. Ubana ne. Shekara arba'in yana aika mutane gida, ke ki zo daga Paris ki ce a bar shi cikin sanyin nan?" Daga cikin waya Babban Kawu yana tambaya wace ce ke magana. Ga takarda a hannuna, amma na kasa karanta ta a gaban abokan Kawu, domin abin da ya ɓoye musu shekara arba'in ne zan tona da bakina. Ashe kunyar da na zage shi a kanta ni ma tana jikina.

Injiniya ne ya taso. Ya miƙo hannu ya ce, "Sakatariya, ba ni in gani." Ya karanta a ransa, ya sake karantawa. Ya juya ga dattawan ya ce, "Shekara bakwai matar nan tana ba ni shayi ba sukari don na musa wa Alhaji sau ɗaya. Wadda ta yi haka ba za ta yi masa ƙarya yana kwance ba." Sannan ya sa takardar a hannun taubashina ya ce, "Wannan ba ta mitin ba ce. Ka shiga wurin Hajiya."

Na bi shi. Hajiya na zaune a kan tabarma a ƙuryar ɗaki, ta fara takaba, mata kewaye da ita. Ya durƙusa a gabanta da takardar a hannunsa, ya ce, "Maman, ina da ya?" Ba ta dubi takardar ba, ta san ta. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta ce a hankali, "Kai ba ka taɓa tambayar kanka ba, don mi muke kiran sunanka?" Mutum mai 'ya'ya uku ya kifa kai a gwiwar uwarsa ya yi kukan da bai yi ba ranar Talata.

Da muka koma falo shi ya ɗauki wayar. Bai yi dogon bayani ba, ya ce, "Baba, akwai wadda ke nan ita kaɗai." Can muka ji tsohon yana share murya.

"Ni na raɗa mata suna, cikin wasiƙa. Na manta da ita, Allah shi gahwarta mini. Shi bai manta ba." Sannan ya ce, "Inna ta nan tana da mu, muna da yawa. Ku bar shi wurin ƙaramar."

Injiniya ya je lameri a ranar, ya gaishe da yarinyar da ke taga yanzu, ya tambayi lafiyar gidansu kafin ya fito da takarda. Ya dawo yana girgiza kai. Ashe tun sabuntawar ƙarshe Kawu ya mayar da wurin na mutum biyu, komai a shirye, hatimi da sa hannu, bakin da zai faɗa kawai yake jira. Ranar Juma'ar da za a sa shi a jirgi aka binne shi bayan masallaci. Mu mata muka tsaya daga nesa a bakin hanya. Wurin cike yake da dogayen itatuwa, sai a lokacin na gane dajin da yake zuwa dubawa. Da aka dawo gida ni na haɗa shayi, na Injiniya na fara miƙawa. Ya kurɓa ya ce, "Sakatariya, yau kuma ya yi yawa."

Ina kewarsa. In wayata ta yi ƙara a wurin aiki har yanzu ina ƙirgawa. Ranar Lahadi a La Courneuve ina dafa abin da ya fi ƙarfina, in tsaya a taga ina kallon tashar bas, ba ni da ƙarfin halin sauka in sato kowa. Ina so in sake jin dajin Ingila da kukokinsa, ina so a ba ni la'asar ɗin nan ta asibiti in mayar da maganganuna, in ce masa kawai to, Kawu, na ji. Lissafinsa kuwa bai kuskure ba. Kowace Juma'a akwai masu zuwa, daga Lyon, wani lokaci har daga Clichy-sous-Bois ta wajen Paris, kuma duk wanda ya yi masa addu'a sai ya dubi ɗan dutsen da ke gefe ya shafa wata fatihar. Takardar tana hannun taubashina yanzu, ya nuna wa 'ya'yansa inda yake ajiye ta. Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa makwanci, ya sa yadda bai taɓa cin abinci ba baƙo ba shi ma a karɓe shi baƙo mai daraja.

Da Hajiya ta fita takaba ta kira ni ta ce in zo in raka ta wani wuri. Shekara arba'in da ɗoriya ba ta taka maƙabartar ba, shi yake zuwa a madadinsu su biyu. Muka hau bas ɗin da yake hawa. Ta tsaya a kan nasa ta yi addu'a mai tsawo, sannan ta durƙusa da ƙyar ta ɗora tafin hannu a kan ɗan dutsen. Na ga leɓɓanta sun fara motsi sun tsaya, ta ɗago ta dube ni. Sai na juya baya, na taka har gindin wata itaciya mai nisa, na tsaya ina kallon motoci.

Ban san me ta ce ba, ban san ko sunan ya fito ba. Da ta iso wurina idanunta a bushe suke, ta kama hannuna don ƙafarta na ciwo. Mun kusa ƙofa ta ce, "Na gaya mata babanta ya iso."